Faifai, Adafta ko Memori: Me Za Ka Saya wa Na'urarka ta Rockbox?

Wata tsohuwar na'urar sauraron kiɗa ce, iPod Video baƙa, mai giga 30, irin wadda kamfanin Apple ya fitar a 2005. A gwanjo na same ta, na ɗora mata manhajar Rockbox, ta yi wata biyu tana yi mini aiki lafiya lau. Ranar da ciwonta ya tashi ina cikin mota ne da karatu a kunne, sai sauti ya ɗauke ɗif. Na kara bayanta a kunnena, na ji ƙas, ƙas, ƙas, can ƙasa-ƙasa kamar agogon bango, faifan da ke ciki yana yunƙurin tashi yana komawa. Na kashe na kunna, ba abin da ya fito sai ɗan layi ɗaya a saman allo: "ATA error: -11".

Daga ranar zuwa yau na buɗe irin waɗannan na'urori da dama, nawa da na abokan da suka ji ina taɓawa. Abin da na gani shi ne, yawancin matsalolin ma'ajiya da ake ɗora wa Rockbox tun a wurin saye mutum yake ɗauko su da hannunsa: memori na jabu, adafta (allon da ke ba memori damar zama a gurbin faifai) marar asali, faifan da ya riga ya ci zamaninsa, ko girman da na'urar ba za ta iya ɗauka ba. Don haka wannan rubutu na mai shirin fitar da kuɗi ne, ko don ya farfaɗo da tsohuwar na'ura, ko don ya sayi wata.

Ga wanda bai san ta ba, Rockbox manhaja ce ta kyauta wadda kowa ke iya duba yadda aka rubuta ta, ya kuma gyara. Wasu 'yan ƙasar Suwidin ne, ciki har da Björn Stenberg da Daniel Stenberg, suka faro ta a ƙarshen 2001 saboda na'urar Archos Jukebox, wadda manhajarta ta asali ta ishe su. Daga baya ta bazu zuwa iPod da Sansa da iriver da wasu masu yawa. Tana kunna fayilolin sauti na FLAC da Opus, wato har irin saƙon murya na WhatsApp. Tana barin ka zuba fayil kai tsaye kamar a filash, ba sai da iTunes, manhajar Apple ta kwamfuta, ba. Tana riƙe daidai inda ka tsaya a tafsirin awa biyu ko da ka kashe ka kwana. Tana kuma iya karanta wa makaho abin da ke kan allo da murya. Saboda waɗannan ne mutum yake jure wahalar gyaran na'urar da ta doshi shekara 20 a duniya.

Sharaɗin da ba ya canzawa

A kan iPod da Sansa, tsarin FAT kaɗai Rockbox take ganewa, wato FAT32 ga duk wani kati mai girman kirki. Ba ta karanta exFAT ko NTFS, ba ta kuma karanta HFS+, tsarin da iPod take ɗauka in a kan Mac aka saita ta. Ga kuma inda gizo ke saƙa: bisa ƙa'idar masu ƙera katin SD, duk katin da ya wuce giga 32 sunansa SDXC, kuma da exFAT yake fitowa daga masana'anta. Sai mutum ya sayi sabon kati mai giga 64, lafiyarsa ƙalau, ya zura a Sansa ta ƙi ganinsa, ya koma shago da faɗa, alhali katin ba shi da laifin komai. Fomat kawai yake buƙata zuwa FAT32. Tagar fomat ta Windows ta saba ɓoye zaɓin FAT32 in kati ya haura giga 32, don haka sai an nemi ƙaramar manhaja irin guiformat ko Rufus. Mai Linux kuwa mkfs.vfat ya ishe shi.

FAT32 yana da rauni biyu. Na farko, fayil ɗaya ba ya iya kaiwa giga 4, wannan kuma bai shafi mai sauraron waƙa ko karatu ba. Na biyun ne mai cizo: tsarin ba ya ajiye bayanin abin da yake shirin rubutawa kafin ya rubuta. In aka ɗauke wuta kwamfuta tana tsakiyar kwafi, ko ka fizge kebul ba ka sallame shi daga kwamfuta ba, teburin da ke nuna inda kowane fayil yake zai iya tsayawa rabi sabo rabi tsoho. Gobe ka kunna ka ga folda da suna kamar rubutun aljanu, ko ka neme ta ka rasa. Shi ya sa duk kwafin da zai ɗauki lokaci nake yin sa a laftof mai cikakken caji, ba a kwamfutar tebur da ke jiran ranar ɗauke wuta ba.

Kafin ka kashe ko sisi

Rubutun da na'ura ta nuna yana gaya maka abin da za ka saya da abin da ba sai ka saya ba. In ka ga "ATA error" da wata lamba, Rockbox ta yi wa ma'ajiya sallama ne ba a amsa ba. Wannan ba maganar fomat ba ce, a jiki matsalar take: fileks (siririn kebul ɗin da ke haɗa faifai da fanel), batir, faifai ko adafta. In "No partition found" ne, an amsa sallamar amma da yaren da ba ta ji, wato tsarin ma'ajiyar ne ya lalace ko kuma ba FAT32 ba ne. In ta ce ba ta iya loda rockbox.ipod ba, ta shiga gidan ta tarar ɗakinta wayam, sai ka sake zuba foldar .rockbox, ba sisin da za ka kashe. Wanda ya fi tayar da hankali shi ne "PANIC" tare da "Could not write sector". Wannan ana tsakiyar rubutu ne hannu ya sage, kuma kati, adafta da tsohuwar fitowar Rockbox duk suna cikin waɗanda ake tuhuma.

Mai iPod yana da shaida na biyu da zai tambaya. Danna Menu da maɓallin tsakiya tare har ta sake tashi, da ganin tambarin Apple ka koma kan na tsakiya da Play. Za ta shiga yanayin faifai na kamfanin, wanda ba ruwansa da Rockbox. In a nan ma kwamfuta ba ta ga komai ba, to ka wanke Rockbox daga zargi. In kuma a wurin tambarin ka danna na tsakiya da na komawa baya, za ka shiga ɗakin gwaji. A kan iPod Classic, cikin IO, sannan HardDrive, sannan HDSMARTData, akwai lambobi biyu da suka fi kowanne muhimmanci: Reallocs, wuraren da faifai ya riga ya yanke ƙauna da su ya musanya, da Pending Sectors, waɗanda yake kokwanto a kansu. In lambobin suna ƙaruwa duk lokacin da ka leƙa, ka kwashe abin da za ka iya kwashewa yau ɗin nan.

Sai fileks, wanda ake yawan mantawa da shi. Siriri ne kamar ɓawon albasa, ɗauke da layuka 40, kuma kowane bakinsa yana shiga wata 'yar soket mai ɗan murfi da ake ɗagawa da farce. Wani abokina ya kawo mini tasa yana cewa faifai ya mutu, har ya yi odar adafta. Da na buɗe na haska fitila, sai na ga bakin fileks ɗin ya karkace, gefe ɗaya ya shige, ɗayan ya zamo kamar kaurin gashi biyu. Na ɗaga murfin a hankali, na zare, na goge da busasshen ƙyalle, na mayar a miƙe har ƙarshe, na danne murfin. Ta tashi da duk abin da ke cikinta. Wannan ɗan murfi da na soket ɗin batir su ne suka fi saurin karyewa a cikin na'urar baki ɗaya, kuma in suka karye aikin ya koma na mai walda. Duk wanda zai yi odar adafta, ya haɗa da sabon fileks a odar. Kuɗinsa kaɗan ne, jiran wata odar kuma makonni ne.

Batir ma haka. Tsohon batir yana iya kunna waƙa, amma da an zo rubutu, lokacin da ma'ajiya take jan wuta da ƙarfi, sai ya zube, rubutu ya katse. In bayan na'urar ya fara tasowa ko allo ya nuna tabo daga ciki, batir ne ya kumbura, kuma barin ta a gaban mota cikin zafin bazara yana gaggauta hakan. Ban taɓa sa sabuwar ma'ajiya a kan tsohon batir na ji daɗi ba.

In kuwa matsalar ta tsarin fayil ce kawai, chkdsk da /f a Windows ko fsck.vfat a Linux sukan ɗinke teburin, abin da suka tsinto kuma Windows yana tara shi a foldar FOUND.000. In jerin mawaƙa ne ya rikice alhali fayilolin lafiya suke, share fayilolin da sunansu ya fara da database ya ƙare da .tcd a cikin .rockbox, ka sa ta gina jerin daga farko.

Me za a sa a gurbin faifan iPod?

Zaɓi na farko shi ne wani faifan irin na asali, mai inci 1.8, yawanci ƙirar Toshiba. An daɗe da daina ƙera su, don haka duk wanda ka gani a kasuwa ko dai an ciro shi daga wata na'ura, ko ya shekara da shekaru a sito. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Faranti ne mai juyawa da allura a kansa, faɗuwa ɗaya daga aljihu ta isa ta gama da shi, yana kuma shan batir duk lokacin da ya tashi. Akwai siriri mai kaurin milimita 5 da mai kauri na milimita 8, kuma na biyun ba ya shiga na'ura mai siririn baya. Amfaninsa ɗaya ne: da shi aka gina na'urar, ba rashin jituwa tsakaninsu. Mai son ajiye iPod yadda ta fito daga kamfani don tarihi, wannan nasa ne. Ga mai amfanin yau da gobe ban ga dalili ba.

Na biyu, kuma wanda akasarin mutane suke komawa gare shi, shi ne adaftar katin SD. Wani ɗan allo ne da ke zama a gurbin faifai, yana yi wa na'urar magana da yaren faifai, yana yi wa kati magana da yaren kati. Waɗanda suka fi suna su ne na iFlash daga Ingila: Solo mai cin babban kati ɗaya, Dual mai biyu, da Quad mai cin ƙananan microSD huɗu. Nauyi yana raguwa, batir yana daɗewa, ƙas-ƙas ta ƙare, faɗuwa kuma ba ta zama mutuwa. Sai dai a fahimci yadda masu kati da yawa suke aiki. Adaftar tana jera katunan ne ta mayar da su ma'ajiya ɗaya doguwa, ba ta ajiye kwafin komai a ko'ina. In ɗaya cikin huɗun ya lalace, duka ginin ya rushe, kuma ko ƙara kati za ka yi sai an sake saita na'urar daga farko. Kati huɗu ƙofa huɗu ce ta matsala. A da, lokacin da manyan katuna suke da tsada ko babu su, jera ƙanana yana da ma'ana. Yanzu da kati ɗaya yake kai giga 256 ko 512, dalilin ya ragu ƙwarai. Ana dai sayen Quad don siririntarta, saboda tana barin wuri ga babban batir, kuma ba dole ba ne a cike ramukanta duka, kati ɗaya ma yana aiki.

Akwai tarihin da ya kamata mai saye ya sani a nan. Rockbox 3.15, wadda ta fito a Nuwamba 2019, ta daɗe ita ce fitowa ta ƙarshe a hukumance, kuma ta yi ƙaurin suna wajen rashin jituwa da adaftocin SD. Rockbox takan umarci faifai ya kwanta don tanadin batir, faifan gaske ya san yadda zai ƙarasa aikinsa kafin ya kwanta, amma da yawa cikin adaftocin ba sa ɗaukar wannan umarni yadda ya kamata, sai abin da ake rubutawa ya lalace. An gyara wannan a fitowar gwaji da suka biyo baya, sannan 4.0 ta fito a 2025. Mutane da yawa sun jefar da katuna masu lafiya saboda wannan. In na'urarka tana kan 3.15 da adafta a ciki, sabunta manhajar kafin ka zargi kowa. Ni har yau, in zan zuba kaya masu yawa, ta yanayin faifai na Apple nake bi.

Akwai adaftoci marasa suna masu araha a kasuwannin intanet. Wasu suna aiki shekara da shekaru, wasu suna yin lafiya a manhajar Apple su riƙa tuntuɓe a Rockbox, kuma ba ka da hanyar sani sai ka saya. Wanda na fi guje wa shi ne goyo a kan goyo: adaftar da ke mayar da soket ɗin faifai zuwa CompactFlash, a cusa mata wata mai mayar da CompactFlash zuwa SD, a cusa wa wannan rigar microSD. Kowace mahaɗa wuri ce da girgizar hanya za ta iya sassautawa. Inda CompactFlash yake da gurbi na gaskiya shi ne iPod Mini ta 2004 da 2005, domin ɗan faifanta, Microdrive, dama siffar wannan katin gare shi.

Na uku shi ne mSATA, irin ma'ajiyar da ke cikin wasu laftof. Tana da sauri, amma iPod ta USB 2.0 take magana da kwamfuta, saurin ba shi da hanyar fita. Abin da ya rage maka shi ne jan wuta da zafi, kuma da batir mai rauni takan yanke ana tsakiyar kwafi. Ba na ba da shawararta.

Iyakar giga 128

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a yi kafin kowace: wace iPod ce a hannunka? Classic ta 2007, mai giga 80 ko 160, da ta 2008 mai giga 120, manhajarsu ta Apple tana ƙirga wuraren ajiya da lamba mai gurbi 28. In aka ninka adadin da wannan lamba take iya kaiwa da bayit 512, ana samun giga 128 a lissafin kwamfuta, ko kusan 137 a lissafin da ake bugawa a jikin kwali. Duk abin da ya wuce nan manhajar ba ta ganinsa. Rockbox tana iya gani, to amma na'urar da manhajoji biyu suke zaune a cikinta, ɗaya tana ganin gidan duka ɗaya tana ganin rabi, ba ta rabuwa da ɓarna. Ga waɗannan, kati mai giga 128 shi ne daidai, domin kwamfuta tana ganinsa a matsayin 119 ko kusa, ƙasa da iyakar. Classic ta 2009, siririya mai giga 160 wadda aka ci gaba da sayarwa har 2014, ba ta da wannan iyaka. iPod Video ta 2005 da 2006 ma ba ta da ita, kuma ta fi sauƙin buɗewa nesa ba kusa ba, saboda fuskarta roba ce, ta Classic kuwa ƙarfe ce da maƙalai masu taurin kai. Abin lura a Video shi ne mai giga 30 tana da mega 32 na ƙwaƙwalwar aiki, masu 60 da 80 suna da 64, kuma manhajar Apple takan fara tangal-tangal a kan ƙaramar in waƙoƙi suka kai wajen 20,000.

Duk iPod ɗin da ka zaɓa, kada ka yi wa kati fomat a kwamfuta ka jefa shi ciki kana jiran ya tashi. Sa shi a adafta, sa adaftar a na'ura, ka yi mata "Restore" ta iTunes a kan Windows, wanda zai share komai ya gina ɓoyayyen sashen manhaja da sashen FAT32 yadda na'urar take so. Bayan nan ne Rockbox Utility, manhajar kwamfuta mai ɗora Rockbox a na'ura, zai yi aikinsa. Wasu samfuran suna ƙirga ma'ajiya da guntayen da suka fi bayit 512 girma, shi ya sa tsarin da aka yi a waje yakan ƙare da "No partition found".

Shi kansa katin

A nan aka fi yin asara. Na taɓa sayen memori a wani shago, kwalinsa a manne, an rubuta giga 128, farashinsa kuma ya yi daɗin da ya kamata ya sa ni tsayawa. Kwamfuta ta nuna girman daidai. Na zuba kaya suka shiga, sunayen duk suna nan. Sai bayan mako biyu na lura cewa foldojin farko suna kunnuwa, na baya kuwa Rockbox tana tsallake su ɗaya bayan ɗaya. Na ciro katin na sa masa H2testw, wata 'yar manhaja daga Jamus da ke cika kati da fayiloli masu giga ɗaya-ɗaya sannan ta dawo ta karanta su. Da ta gama, giga 29 da 'yan kai ne kawai suka dawo lafiya, sauran duk ta ce sun ɓata. Katin giga 32 ne aka koya wa ƙarya. Irin wannan kati yana karɓar duk abin da ka ba shi ba musu, abin da ya wuce cikinsa na gaskiya kuma ko ya zubar, ko ya rubuta shi a kan na farko. Wanda ya saba kai memori wurin masu tura waƙa da wa'azi, ya dawo gida ya tarar rabin abin da aka tura ba ya buɗewa, sau da yawa wannan ne ya same shi, ba mai turawar ne ya cuce shi ba.

Don haka gwaji kafin amfani wajibi ne: H2testw a Windows, F3 a Linux da Mac. Babban kati yakan ɗauki awanni. Bar shi ya kwana yana yi. Ka yi ciniki da mai shago tun farko cewa in ya faɗi gwaji za ka dawo da shi, wanda ya ƙi wannan sharaɗi ya riga ya ba ka amsa.

Maganar sauri kuwa kada ta ci maka kuɗi. Sautin faifan CD da ba a matse ba kilobit 1,411 yake ci a daƙiƙa, bai kai kashi ɗaya cikin biyar na mega ɗaya ba. Kati mai alamar U1 yana rubuta aƙalla mega 10 a daƙiƙa. Alamomin U3 da V30 na masu ɗaukar bidiyo ne, A2 kuma na wayoyin da ke ɗora manhaja a kati. Abin da kake nema shi ne kati na gaske daga kamfanin da aka sani, kuma masu iFlash suna wallafa jerin katunan da aka gwada da adaftocinsu, ya kamata a leƙa kafin a biya.

Girma ma a yi lissafi. Karatu ko wa'azi a kilobit 64 yana cin wajen mega 29 a awa, wato giga 128 zai ɗauki fiye da awa 4,000. MP3 mai kilobit 320 mega 2.4 ne a minti. Sai mai tara FLAC, inda kundi ɗaya yakan kai mega 300 ko fiye, shi ne yake da hujjar neman 256 ko 512. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Girman da ba ka buƙata yana ƙara maka tsawon lokacin gwaji, da na gina jeri, da yawan abin da za ka rasa rana ɗaya.

In ba ka son buɗe komai

Sansa Clip+ ta 2009 da Clip Zip ta 2011 ƙanana ne kamar akwatin ashana, suna da ramin microSD, kuma da Rockbox suna karanta manyan katuna in an mayar da su FAT32. Rauninsu ma'ajiyar ciki ce, wadda aka manne a fanel kuma ta tsufa. In ta mutu, na'urar ta tafi. Wanda ya samu ɗaya ya bar cikin ga Rockbox kaɗai, ya zuba kayansa a kati, don ya rage mata yawan rubutu. A kuma kula da suna: Clip Sport da Clip Jam sun yi kama da su a ido, amma Rockbox ba ta hawa kansu.

Sai na baya-bayan nan masu ƙwaƙwalwar Ingenic X1000: FiiO M3K, Shanling Q1, da AIGO Eros Q tare da 'yan uwanta da ake sayarwa da sunan HIFI WALKER H2 da Surfans F20. A waɗannan kiɗa a kati yake zama. Ta fuskar ƙarancin matsalar ma'ajiya ba su da na biyu, domin ba fileks, ba adafta, ba fassara tsakanin yare biyu. Kati ya yi gardama, ka zare shi da farce, ka sa a kwamfuta ka gyara ko ka musanya. Tarkonsu ɗaya ne: masana'anta takan canza kayan ciki ta bar sunan yadda yake, don haka sai ka tambayi mai sayarwa lambar fitowar manhajar da ke kanta, ka gwada da jerin da masu Rockbox suka fitar, kafin kuɗi su bar hannunka.

Da wani zai ce in zaɓar masa, in ba shi da wata tsohuwar ƙauna ga iPod, zan ce ya ɗauki ɗaya cikin waɗannan da kati ɗaya mai giga 128 da ya ci gwaji. In kuwa zagayen nan na iPod ne yake so a ƙarƙashin babban yatsansa, kamar ni, to Video, da adafta mai suna, da kati ɗaya, da sabon fileks, da sabon batir, duk a oda ɗaya. Ya ajiye kwafin kayansa a wani wuri daban. Kuma in ya gama haɗawa kada ya danne murfin bayanta nan take, musamman in Classic ce. Ya ɗaure ta da roba, ya cika ta da kaya, ya saurara kwana uku, ya kashe ya kunna sau da yawa, ya tsallaka zuwa foldar ƙarshe ya ji ko tana kunnuwa, sannan ya sa ɗan soso a bayan adaftar don kada ta yi motsi, ya rufe.